Yadda Ake Haɗa Tsohuwar Mota Mai Ƙofa Biyu Domin Gudu a Filin Gishiri na Bonneville

Filin gishiri na Bonneville yana jihar Utah ta Amurka, dab da garin Wendover, kimanin mil 120 yamma da Salt Lake City. Gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe ya bar farin gishiri shimfiɗe iya ganinka. Tun 1949 ƙungiyar SCTA ta kudancin Kalifoniya, mai auna gudun motoci, take shirya makon gudu a can a watan Agusta, kuma ba tsere ba ne na kafaɗa da kafaɗa: mota ɗaya ce ke shiga layi a lokaci guda, agogo ne abokin karawarta. Motar da zan yi bayani a kanta ita ce tsohuwar Ford mai ƙofa biyu da rufaffen kai, ƙirar 1932 zuwa 1934, irin wadda 'yan'uwan nan biyu Bob da Dick Pierson suka sassare wa rufi suka yi suna da ita a wajejen 1950. Na haɗa irinta, na taya wasu haɗa tasu, kuma kuskuren da na fi gani wurin sabon shiga shi ne ya zuba kuɗinsa da zuciyarsa a inji tun kafin ya san ajin da zai shiga. Saboda haka na tsara matakan nan bisa jerin da ya kamata a bi, inji kuwa yana can kusa da ƙarshe.

Kayan aiki da kayan haɗi

Abu na farko da za ka mallaka shi ne littafin dokokin SCTA na shekarar da kake ciki, domin ana sabunta shi duk shekara, kuma duk adadin da na ambata a nan sai ka gwada shi da abin da ke cikin sabon bugu. Bayan shi kana bukatar injin walda mai kyau wanda zai iya cin kaurin bututu da kuma siririn ƙarfen bodi, da injin lanƙwasa bututu, da na'urar fafe bakin bututu don ya zauna daram a jikin ɗan'uwansa, da giranda, da zarton ƙarfe, da ma'aunin kwana, da ma'aunin daidaito, da igiyar awo, da sufana mai auna ƙarfin ɗauri. Sufanunka su kasance na inci, domin notin tsohuwar motar Amurka ba ya jin milimita. Kana bukatar jak da ƙafafun tokara guda huɗu, da sikeli huɗu na auna nauyin kowace taya, da tebur na ƙarfe mai daidaitaccen fuska wanda za a ɗaure shasi a kansa. Wanda ba shi da teburin yana iya shimfiɗa manyan ƙarafa biyu masu kauri a kan daɓen siminti, ya daidaita su da ma'auni, ya ɗinke su da walda. Zai yi aiki matuƙar ba a motsa su ba har a gama.

Kayan haɗin kuwa su ne bodi na ƙarfe, shasi, aksul na gaba, giyar baya, giyabos, inji, bututun keji (ƙashin ƙarfen da ke kewaye direba don kare shi), farantin ƙarfe na daɓe da na katangar wuta, tayoyin da aka yi musamman don irin wannan gudu, tankin mai, tankin ruwa, dalma ta ƙara nauyi, tukwanen kashe gobara, bel na ɗaure direba, laimar tsayarwa (wadda ke buɗewa a bayan mota ta rage mata gudu), da kayan sawa na direba. Kada ka sayi kayan da ke da wa'adi, wato bel da hular kwano da tukwanen gobara, sai aikin ya kusa ƙarewa. Irin wannan mota takan ci shekara biyu ko uku a gareji, kuma abin takaici ne ka isa wurin binciken da ake yi wa mota kafin gudu a ce maka bel ɗinka ya tsufa alhali ko sau ɗaya ba a ɗaura shi ba.

1. Zaɓen aji

Sunan aji a Bonneville ya ƙunshi abu uku: irin inji da girmansa, irin man da yake sha da kuma ko ana hura masa iska, sai irin bodi da yawan sauyin da aka yi masa. Rukunin tsofaffin motoci na jikin da aka ƙera a Amurka ne a 1948 ko kafin nan. A ɓangaren inji, XF na tsohon injin Ford V8 mai bawul a gefen silinda ne, wanda girmansa bai wuce inci 325 na cikin silinda ba. XO na wasu tsofaffin injina ne, galibi masu silinda a jere, irin na GMC da Chevrolet mai shida da Buick mai takwas. In aka ɗora wa injin tofsilinda ta musamman, irin Ardun, sai ya haura zuwa XXF ko XXO. A ɓangaren bodi akwai ajin da ke son motar ta zauna kusan yadda kamfani ya yi ta, akwai na tsakiya, akwai kuma ajin gasa, inda aka yarda a sare rufi, a rufe cikin motar ta ƙasa baki ɗaya, a tsawaita hanci, a ja inji baya.

Ka buɗe shafin tarihin gudu da ke bayan littafin, ka duba gudun da aka kafa a kowane aji, ka zaɓi wanda aljihunka da iyawarka za su iya tunkara. Daga nan ka rubuta wa shugaban kwamitin wannan rukuni, ka aika masa hotuna da zanen abin da kake nufin yi, ka adana amsarsa a rubuce. Yanka ɗaya da zarto yana iya fitar da mota daga ajin da take da dama ya jefa ta cikin wanda ba za ta taɓa kamo ƙurarsa ba, kuma ƙarfen da aka yanke da wuya ya koma yadda yake.

2. Sayen bodi da shasi

Ka je da ƙaramin maganaɗisu da fitila. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, an cike wurin da ƙullun gyaran bodi ne. Ka duba gindin ƙofofi, da ƙasan ginshiƙai, da daɓe, da bakin tayoyin baya, nan ne tsatsa ke fara ci. Ruɓaɓɓen daɓe ba abin damuwa ba ne tunda sabo za ka yi, amma ginshiƙai da rufi su kasance masu lafiya. Jikin Ford na 1932 zuwa 1934 ya yi tsada ƙwarai. In ya fi ƙarfinka, ƙirar Model A ta 1930 ko 1931 ta fi sauƙin samu, kuma da irinta Art Chrisman da iyalinsa suka yi tasu shahararriyar motar a farkon shekarun 1950. Ka yi hattara da Chevrolet na farkon shekarun 1930, domin katako ne ƙashin jikinta, sai ka maye gurbinsa duka da ƙarfe. Tsakanin Ford ta 1932 mai tazarar inci 106 daga tayar gaba zuwa ta baya da ta 1933 da 1934 mai inci 112, ni na fi son ta biyun, domin doguwar mota ta fi gajeriya natsuwa a kan gishiri.

3. Gyaran shasi

Ka raba bodi da shasi, ka kankare shasin har sai farin ƙarfe ya bayyana, ka ɗaure shi a kan tebur. Ka auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, shasin a karkace yake, kuma sai an miƙar da shi kafin a ci gaba. Hannayen tsohon shasi buɗaɗɗu ne ta ciki, don haka ana rufe su da faranti su zama kamar akwati. Wajen wannan walda mutane da yawa ke ɓata aikinsu: suna jan wuta doguwa a gefe ɗaya, zafi ya ja ƙarfen ya lanƙwashe. Ka ɗiga inci ɗaya ko biyu a nan, ka koma ɗaya hannun, ka bar shi ya huce, ka sake awo bayan kowane zagaye. Tun a wannan mataki za ka tanadi faranta masu kauri inda ƙafafun keji za su sauka, da inda za a ɗaure dalma, da maƙalin laima a baya, da ƙarfen da motar turi, wato wadda ke tura ta daga baya a farkon gudu, za ta dafa.

4. Sare rufi

Wannan mataki na wanda ajinsa ya yarda ne kawai. Amfaninsa shi ne rage faɗin fuskar da iska ke duka. Kafin ka taɓa zarto, ka zaunar da direba a ƙasa sanye da hularsa, a kan kujerar da zai yi amfani da ita, ka auna tsayinsa, ka ƙara kaurin bututun keji da tazarar da doka ta nema tsakanin hula da bututu. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da za ka iya sarewa. Na ga motar da aka sare har ta yi kyau kamar a hoto, mai ita kuma bai iya shiga ba sai ya karkatar da wuya.

Ka tokare cikin bodin da siraran bututu, gaba da baya da kuma gicciye, ka ɗiga su da walda, domin da zarar rufi ya rabu, jikin zai buɗe kamar kwandon da aka cire wa baki. Ka zana layukan yanka biyu a kowane ginshiƙi da tef, a inda ginshiƙin ya fi miƙewa. Bayan an yanke an sauke rufin, za ka ga ginshiƙan gaba ba su haɗu ba, saboda a jingine suke. Mafita biyu ce: ko a raba rufin a tsakiya a ƙara masa ƙarfe, ko a ƙara kwantar da ginshiƙan gilashin gaba. Masu gudun gishiri sun fi bin ta biyu, domin tana sa iska ta zame. Ƙofofi ana yi musu nasu yankan ne bayan rufi ya zauna, a daidaita su da ramin da ya samu. Tsakiyar rufin waɗannan motoci yadi ne a kan katako, sai a cire shi a sa ƙarfe. Ford ta 1933 da 1934 kuma ƙofofinta ta gaba suke buɗewa, maƙalansu na baya, don haka in ƙofa ta ɗan saki a cikin gudu iska za ta fizge ta gaba ɗaya. Ka ƙara mata sakata ta biyu wadda za a iya buɗewa ta ciki da ta waje.

5. Keji, daɓe da katangar wuta

A nan ba a tsimi. Mafi ƙarancin bututun da aka saba nema ga mota irin wannan shi ne mai faɗin inci 1 5/8 da kaurin bango inci 0.120, kuma da yawa daga cikinmu muna hawa zuwa inci 1 3/4 don kada a sake aiki in motar ta ƙara gudu. Ka sayi bututun da kaurinsa ya ɗan zarce abin da aka nema, domin lanƙwasawa tana sirantar da bayan gwiwa. Bututun ruwan famfo ba ya shiga wannan aiki ko kusa. Kejin a kan shasi yake tsayawa, ba a kan daɓen bodi ba, kuma ya kewaye direba ta sama da gefe da baya da wajen ƙafafu, da ƙananan faranta masu kusurwa uku a mahaɗai. Kowace mahaɗa sai walda ta zagaye ta duka. Saman bututun da ke manne da rufi shi ne wurin da hannu ba ya kaiwa. Dabarar ita ce a gina kejin kafin a rufe rufin, ko a huda daɓe a sauke ƙafafunsa ƙasa a yi waldar sannan a ɗaga shi. Kada ka goge waldar keji da giranda don ta yi sumul, masu bincike suna son ganinta yadda ta fito. In hannunka bai nuna a walda ba, ka yanka bututun, ka fafe, ka ɗiga, ka kira gwani ya ƙarasa.

Kujera ta ƙarfe ce ko alminiyam, a ɗaure ta a jikin keji, da matokarai a gefen hula dama da hagu don kada kai ya yi lilo in motar ta wuntsila. Katangar da ke tsakanin inji da direba ta zama ƙarfe, kuma kowace ƙofa da waya ko tiyo ya bi a toshe ta. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a kashe fitilun gareji, mutum ɗaya ya haska tocila ta wajen inji, ɗaya ya zauna a ciki. Duk inda haske ya ɓullo, wuta ma za ta ɓullo. Ka sa garkuwar ƙarfe a kewayen kulochi, da zobe a kewayen farfela don kada ta caki ƙasa in ta tsinke.

6. Ƙafafu, nauyi da natsuwar mota

Wannan shi ne matakin da ke raba motar da za ta kafa tarihi da wadda za ta riƙa juyi kamar katantanwa, kuma shi ne wanda sabon shiga ya fi rainawa. Gishiri ba kwalta ba ne. Riƙonsa ga taya ya fi kusa da na tsakuwar da aka daddaɓe, wani lokaci da danshi a samansa. Iska tana tura motar baya da ƙarfin da ke ƙaruwa sosai yayin da gudu ke ƙaruwa, tayoyin baya kuma suna turawa gaba da ɗan riƙon da suka samu. Ranar da turin iska ya kai iyakar riƙon taya, ko ka ƙara ƙarfin doki ɗari a inji, tayar za ta yi ta juyawa ne a banza. Shi ya sa a nan, saɓanin sauran tsere, nauyi aboki ne. Fili yana da tsawo, akwai mil da yawa na ɗaukar gudu.

Amma inda aka ajiye nauyin shi ne magana. A motata ta biyu na jibge dalma a can baya, bayan aksul, ina neman riƙo. Riƙon ya samu, sai dai da na haura mil 130 a awa, wata 'yar iska ta bugo daga gefe, bayan motar ya fara kaɗawa, kafin in ankara ina kallon inda na fito, farin gishiri ya turnuƙe gilashi. Allah ya kiyaye ba ta kife ba. Dalilin shi ne mota a irin wannan gudu kamar kibiya take: nauyi a gaba, gashi a baya. Dole cibiyar nauyi ta kasance gaba da cibiyar da iska ke turawa ta gefe.

Ga yadda ake gano su. Ka ɗora motar a sikeli huɗu, direba na ciki, tankuna cike. Ka raba nauyin tayoyin baya da jimillar nauyi, ka ninka da tazarar tayoyi. Misali, motar kilo 1,400 wadda bayanta ke ɗauke da kilo 730, a tazarar inci 112, cibiyar nauyinta tana kimanin inci 58 bayan aksul na gaba. Ita kuwa cibiyar iska, ka ɗauki hoton motar daga gefe sak, ka manna a kwali, ka yanke siffarta, ka ɗora a kan bakin rula har ta tsaya ba ta rinjaya ba. Wannan kimantawa ce kawai, amma tana nuna hanya. In wurin da kwalin ya tsaya yana gaba da cibiyar nauyi, sai ka matsar da dalma da batir da tankin ruwa gaba. Dalmar a ajiye ta ƙasa ƙasa, tsakanin aksul biyu, a ɗaure da manyan kusoshi da suka ratsa shasi, domin dunƙulen da ya kwance a lokacin haɗari ya zama harsashi.

A gaba, aksul ɗin asali mai sanda ɗaya ya wadatar, amma a jingina shi baya fiye da na motar titi, digiri 10 zuwa 15, yadda ƙafar gaban keke take a jingine. Wannan ne ke sa sitiyari ya riƙa komawa tsakiya da kansa. Sitiyarin ya zama mai nawa, wanda ƙaramin motsin hannu ba ya karkatar da motar, kuma kada a bar ko ɗan lako-lako a mahaɗansa. Safirin ya zama mai tauri, tafiyarsa gajeriya, shokozoba masu kyau, gaban motar ya ɗan fi bayanta sunkuyawa don kada iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga ta. Tayoyi sirara ake sawa, masu ɗaukar iska da yawa, irin waɗanda Goodyear da Mickey Thompson suke yi don gudun fili; faffaɗar taya tana yawo a saman gishiri maimakon ta kama. A rufe wili da faifan alminiyam irin na Moon, a ɗaure shi da kusoshi.

7. Inji da ruwan sanyaya shi

Injin Ford mai bawul a gefe an yi shi daga 1932 zuwa 1953, kuma duk wanda ka samu ya haura shekara saba'in. Kafin ka kashe ko sisi a kansa, ka kai bulon a wanke, a yi masa gwajin maganaɗisu da na matsin ruwa. Yana tsagewa ne tsakanin mazaunin bawul da bakin silinda, kuma ba abin mamaki ba ne ka sayi uku kafin ka sami ɗaya mai lafiya. Na 1949 zuwa 1953 mai inci 239 shi ne tushen da aka fi bi. In aka sa masa karanshaf na Mercury mai bugun inci 4 aka faɗaɗa silinda zuwa inci 3 5/16, yana kai inci 276. In aka kai faɗin inci 3 3/8 da bugun inci 4 1/8, yana kai kusan 296, sai dai bangon silinda ya yi siriri, don haka a auna kaurinsa tukuna.

Injin yana da rauni biyu da aka haife shi da su. Na farko, karanshaf ɗinsa a kan mazaunai uku kawai yake kwance, saboda haka a ƙarfafa na tsakiya da madauri na ƙarfe, a daidaita nauyin duk abin da ke juyawa. Na biyu, hanyoyin hayaƙi ta cikin bulo suke ratsawa, suna dafa ruwan da ke kewaye da su. A titi lagireto kan iya da shi. A gishiri kuwa ana take totur har ƙasa na tsawon mil biyu ko uku ko fiye. Yawancinmu muna cire lagireto, mu toshe hancin motar in aji ya yarda, mu sa tankin ruwa na galan 15 zuwa 20 wanda famfunan injin biyu za su riƙa zagayawa da shi. Ruwan ya ishi gudu ɗaya, a sauya shi kafin na gaba, kuma nauyinsa yana taimakawa. In tankin yana cikin ɗakin direba, a killace shi, a fitar da bututun numfashinsa waje, domin tafasasshen ruwa yana ƙuna kamar wuta.

Tofsilinda ta alminiyam irin ta Edelbrock ko Offenhauser ko Navarro, da kamshaf mai tsawon buɗi, da kafireta Stromberg 97 guda uku ko huɗu, su ne kayan gargajiya. Kada ka matse ɗakin ƙuna fiye da kima kana neman ƙarfi, domin a wannan inji ta wannan ɗakin iska ke bi ta shiga silinda, in ka matse shi ka shaƙe shi. Filin yana sama da ƙafa 4,200 daga teku, kuma da zafin rana iskar takan ƙara sirancewa, saboda haka injin zai rasa wani kaso na ƙarfinsa kuma zai bukaci mai ƙasa da wanda yake sha a gida. Duk da haka ka fara da mai wadatacce, ka riƙa ragewa kaɗan kaɗan kana duba fulogi bayan kowane gudu. Mai ya yi yawa, ka rasa mil biyu a awa. Ya yi kaɗan, ka huda fistin.

8. Lissafin giya

Domin sanin giyar baya da kake bukata, ka ninka juyin inji a minti da tsayin taya a inci, ka raba da gudun da kake nema wanda aka ninka da 336. Injin da ƙarfinsa ke ƙurewa a juyi 5,200, da taya mai inci 28, da burin mil 150 a awa, yana bukatar giyar baya ta kusan 2.89. Ka tuna taya tana ɗan zamewa. Giyar baya irin ta Halibrand, wadda ake buɗe murfinta a sauya haƙora biyu cikin mintuna, ita ta fi dacewa; in babu, aksul na Ford mai inci 9 yana da 2.75 da 3.00, sai ka cike gibin da sauya tsayin taya. Kada ka ɗora giya mai tsawo bisa fata. Ƙarfin da ake bukata don keta iska yana ƙaruwa ne daidai da gudu sau gudu sau gudu, wato daga mil 125 zuwa 150 kana bukatar ƙarin kusan kashi 73 cikin ɗari, kuma injin da giya ta fi ƙarfinsa zai tsaya a wani juyi ya ƙi haurawa. Tsohon giyabos na Ford mai giya uku ba ya jure ƙarfi sosai; na zamani mai huɗu ko biyar ya fi kwanciyar hankali.

9. Kashe gobara, laima da kayan direba

A raba bakunan kashe gobara biyu, wasu su fesa kan inji da bututun hayaƙi, wasu wajen direba. Maɓallinsu, da na yanke mai, da na kashe inji, da hannun laima, duk su kasance inda direba zai taɓa su yana ɗaure tamau, sanye da safar hannu, ido a rufe. A sa babban makashin batir a bayan motar, a rubuta masa alama. Laima wajibi ce ga motar da ke kai mil 175, amma ina ba da shawarar a sa ta ko ba a kai nan ba, domin birki ba ya da wani tasiri a gishiri, kuma laima ce ke miƙar da motar da ta fara kaɗawa. A ɗaure igiyarta a shasi, daidai tsayin cibiyar nauyi; in ta yi ƙasa ko sama da yawa, za ta ɗaga wani gefen motar lokacin da ta buɗe. Direba yana bukatar rigar wuta da safa da takalmi masu shaidar SFI, hula mai shaidar Snell (duka biyun ƙungiyoyin tabbatar da ingancin kayan kariya ne), matokarin wuya, madaurin hannu, da raga a taga. Ya yi ta gwada fita cikin gaggawa a gareji, domin masu bincike za su sa shi ya yi a gabansu.

10. Gwaji da ranar gudu

Kada Bonneville ta zama wurin da motar za ta fara tafiya. Ka gwada injin a na'urar auna ƙarfi, kuma in da hali ka kai motar busasshen tafkin El Mirage a Kalifoniya, inda SCTA ke gudu a layin mil 1.3 na ƙasa. Ka shafe ƙarƙashin motar da fenti mai kauri, ka fesa wa kusoshi da mahaɗan waya mai hana tsatsa. Ka tanadi motar turi mai katako a gaba, da rediyo da tukunyar gobara a cikinta, domin motar gudu ba a tuƙa ta a sansani, ja ko turi ake yi. Ka tafi da tamfol na shimfiɗawa ƙarƙashinta, da rumfa, da ruwan sha mai yawa, da man kare fata; hasken yana dawowa daga ƙasa, har ƙarƙashin haɓa da cikin hanci yake ƙonawa. Kafin ka kama hanya ka tabbatar za a yi taron, domin ruwa ya sa an soke shi a 2014 da 2015 da 2022.

Bayan bincike za a ba motar littafinta, sabon direba kuma ya halarci bitar sababbi. Lasisi hawa-hawa ne: D daga mil 125 zuwa 149, C daga 150 zuwa 174, B daga 175 zuwa 199, kuma ba a tsallake mataki. In ajinka na fetur ne, a wurin za ka sayi man, a liƙe tankin da hatimi. Idan motar turi ta sake ka, ka taka totur a hankali, ka sauya giya ba fizga, ka kafa ido a can nesa. In bayan motar ya fara kaɗawa, kada ka yi kokawa da sitiyari, ka ja laima. Wanda ya zarce tarihin ajinsa, za a kai motarsa wurin tsaro, a ba shi awa huɗu ya yi mata aiki, washegari da sassafe ya sake gudu, a ɗauki matsakaicin biyun, sannan a auna injin a tabbatar da girmansa.

Da ka dawo gida, kada ka bar wanki ya kwana biyu. Gishirin yana manne wa ƙarƙashin mota kamar jiƙaƙƙen siminti, kuma ruwa mai matsi yana ƙara cusa shi cikin lunguna ne. Ka fara ɓamɓare dunƙulen da hannu, ka sa abin ban ruwan lambu a ƙarƙashin motar ya yi ta yayyafi na awoyi, kana matsar da shi. Daga nan ka cire tayoyi, ka buɗe birki, ka wanke boris ka sake musu giris, ka zare fulogi ka ɗiga mai a kowace silinda. Motar turi da tirela ma haka za ka yi musu, ka fi mai da hankali ga bututun birki da wayoyin fitilun baya.